Buhu Huɗu na Tsingaro a Gonar Baba

Mun tashi daga Rijiyar Zaki ana idar da sallar asuba, mu uku a tsohuwar motar malaminmu: shi, da ni, da wani abokin karatuna da barci ya ɗauke tun ba mu fita unguwa ba. Karatuna a jami'a shi ne binciken rayuwar mutanen da, ta hanyar abin da suka bari a ƙasa. 'Yan gidanmu kuwa ba ruwansu da wannan dogon bayani, mai tsintar kasko suke ce mini.

Wani kufai muka nufa a bayan Bagwai, inda aka taɓa yin gari, yanzu ya zama gonar wani dattijo. Tsadar abinci ta sa ya sayar da ita, kuma wanda ya saye ta, ƙasa zai riƙa haƙa yana loda wa tifa. Mako guda ya rage su fara. Idan ba mu zana taswirar wurin a wannan zuwan ba, shi ke nan, ba wanda zai ƙara sanin an yi gari a nan.

A Dawanau muka fara cin karo da halin da ake ciki. Ga buhunan hatsi jibge, ga mata tsaye da ƙananan ledoji suna tayin rabin kwano. Malam ya sha mai, ya dubi mita, ya dubi sama, ya tada mota. A Bichi muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko jikokin na bara ne. Ta yi dariya ta ƙara mini biyu.

Daga nan hanya ta miƙe tsakanin gonaki. Ƙasar nan ba ta da wurin banza: gona na jingine da gona, tsakaninsu layin gamba, ga ɗorawa da kuka jefi-jefi. Bazara ce, ana ta sharar gona, jakuna na kai taki a mangala. Wajen dam ɗin Watari ne kawai ido ya huta da koren albasa.

Da hantsi muka isa. Mai gonar, da kowa ke kira Baba, dogo ne siriri, yana ɗan ɗingishi. Mai ɗakinsa, Inna, ta kawo mana ruwan randa da kunun tsamiya, tana ta ba da haƙuri wai ba sukari. Baba sai murmushi yake, irin na wanda ya ɓoye wa baƙi abin alheri. Ya shige gaba, muka bi shi da igiyar awo da littattafanmu.

Da muka isa gonar sai na tsaya cak. Malam ya taɓa zuwa a baya, ya ce mana tsingaro, wato fasassun tukwanen da, shimfiɗe yake ko'ina. Yau ƙasa fes, kamar tsakar gidan da aka share. A gindin wata ɗorawa ga buhu huɗu cike, an ɗaure bakinsu.

"Na ji an ce abin da za ku tsinta ke nan," in ji Baba. "Na ga rana ta yi zafi, ku kuma baƙi ne. Shi ne na hutar da ku."

Bari in yi wa mai karatu bayani. A aikinmu, inda aka sami abu ya fi abin kansa daraja. Wurin da tsingaro ya kwanta shi ke nuna nan madafa ce, can maƙera, can bakin gari. In aka kwashe aka haɗa, ya zama tarkace kawai. Ni kuma bakina ba ya da birki, halina ne tun ina ƙarama. Kafin in ankara na ce, "Haba Baba, ai ka ɓata mana aikin gaba ɗaya."

Murmushin ya ɓace. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Inna, da ta biyo mu da butar ruwa, ta ce a hankali, "'Yata, kwana uku ya yi a duƙe, da wannan ƙafar." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai ɗago ba.

Inna ce ta cece mu. Ta taɓa igiyar buhun farko ta ce, "Ku da kuke da ilimi, ba ku duba bakin buhu ba?" Muka duba. An ɗaura wa ɗaya kwalfar ɗorawa, ɗaya tsamiya, ɗaya guntun baƙin dutse mai nauyi, na huɗun kuma tsumma. Ashe yadda Baba yake ware irin shuka haka ya ware su. Manomin kirki ba ya haɗa irin gero da na dawa a buhu ɗaya, don haka kowane ɓangaren gona da buhunsa.

Baba ya ɗago. Ya ɗauki sandarsa ya fara zagayawa da mu. Nan ne gindin ɗorawa, inda fartanya ke yawan tono manyan bakunan randa. Can wajen tsamiya ƙanana ne masu zane, da 'yan dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazarin kaɗi. Inda baƙin dutsen yake, kashin ƙarfe ne, gero ba ya yin kirki a wurin, kakansa ya ce masu narka tama ne suka zauna. Na tsumman kuma daga wani ɗan kwari ne da ke riƙe ruwa, tsohuwar rijiya ce da ta rufta. Tun yana saurayi yake noman wurin, ya san shi taku-taku. Muna awo, yana gyara mana: "A'a, matsa gabas kaɗan."

Ba zan yi ƙarya ba, an yi asara. Abin da za mu samu da a ce ba a taɓa ba ya fi haka. Amma taswirar da muka zana kafin la'asar tana da abin da igiyar awo ba za ta taɓa ba mu ba.

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka a zaurensa. Na lura shi da Inna ba su ci ba, suka ce sun riga mu. Ban yarda ba, amma na yi shiru, wannan karon bakina ya ji magana.

Da muka koma gona za mu loda buhunan, Baba ya ce mu dakata. Ya kwance kowanne, ya ɗebi cikin hannu guda, ya ɗingisa ya mayar da shi ɓangaren da ya fito, yana turawa cikin ƙasa da ƙafa. Malam ya ce, "Baba, ai tifa za ta kwashe." Ya ce, "Na sani. Amma kada a zo a tarar ba kowa a gida." Sannan ya juyo gare ni. "'Yata, in kin rubuta, za a san an zauna a nan?" Na ce masa in sha Allahu za a sani.

Mun shigo Kano gab da magariba, motar na nishi saboda nauyi, abokin karatuna ya koma barcinsa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne in duba bakin buhu kafin in buɗe nawa bakin, kuma wanda ya yi shekaru yana noman wuri ya riga ni karanta shi.

Washegari malam ya ce in cire tarkacen da ke jikin igiyoyin in rubuta lamba, yadda ƙa'ida ta tanada. Na rubuta lambobin, ɗaya zuwa huɗu. Kwalfar ɗorawa da tsamiyar da dutsen da tsumman kuwa suna nan yadda Baba ya ɗaura su, ban kwance ko ɗaya ba.