Shitu Maƙeri da Iskar da Ke Tsere wa Motar Alhaji

Shitu, Allah Ya jiƙansa, ɗan maƙeran Maska ne. Kakansa maƙeri, ubansa maƙeri, shi ma tun bai iya ɗaura wando ba aka zaunar da shi gindin zuga-zugi. Ubansa mutum ne mai ƙarancin magana. In wuta ta yi sanyi, Shitu ya kai hannu zai ƙara gawayi, sai tsohon ya buge hannun da awartaki, ya nuna masa fatar zuga-zugin da baki. Dole ya shafa ta, ya kasa kunne, ya nemo inda ta tsage iska ke gudu. Sai an ɗinke wurin tukuna a yi maganar gawayi. Haka ya tashi.

To, shekarun da aikin gona ya buɗe a Funtuwa, gari ya cika da taraktoci da manyan motocin taki, Shitu ya kawo garemani kasuwa zai sayar. Ya bi ta wani gareji ya ga an buɗe cikin tarakta, ya tsaya kallo. Har la'asar yana nan, garemanin na kafaɗarsa, ko ɗaya bai sayar ba. Sati bai zagayo ba ya roƙi ubansa, tsohon ya sa masa albarka, ya dawo ya zauna koyo. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin wani, ya auri Barakatu 'yar ƙanen ubansa, sannan ya buɗe nasa wurin a gindin wani mangwaro kan hanyar Bakori.

Bai yi arziki ba, gaskiya. Shitu akwai nawa. Wasu kanikawa in ka kawo musu mota mai shan gas ka ce ba ta da ƙarfi, nan take za su sa sifana su murɗa famfon mai, su buɗe mata maƙogwaro. Sai ka ji ta tashi da gurnani, ka biya kana dariya. Bayan wata biyu inji ya buga. Shi kuwa Shitu sai ya zagaya motar, ya durƙusa, ya sansana, ya tambaye ka abin da ba ka zo da shirin amsawa ba. Direbobin tasha har suna suka sa masa, Sai-na-duba. In ya bi ta gabansu za shi masallaci su ce, "Sai-na-duba, ladan ya kira salla, ko shi ma sai ka duba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai kuwa sai na duba alwalata." Barakatu ma takan yi ƙorafi, ta ce tuwo na hucewa yana can yana sauraron ƙarfe. Amma masu taraktoci sun san shi. Daga Malumfashi ake zuwa a ɗauke shi a babur zuwa gona.

Abin da aka fi tuna shi da shi ya faru ne da bazara, shekara guda bayan an ba mu Jihar Katsina. Akwai wani attajirin masara da auduga a Bakori, Alhaji Abdussamad. Ya sayo wata mota ta shiga, mai shan gas, irin wadda suke cewa tana da turbo. Turbon nan wani abu ne kamar dodon koɗi a gefen inji. Hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, shi kuma ya dinga tura iska cikin injin ta wani tiyo na roba mai kaurin damtse. Alhaji na ji da motar nan ƙwarai.

Direbansa Istifanus, Kirista ne daga wani ƙauye a gefen Malumfashi. Shekara tara yana tuƙa shi, tun yana da tsohuwar akori-kura. Mutum ne dogo, mai sanyin murya, da 'ya'ya biyar.

Ranar wata Laraba da hantsi motar ta shigo gindin mangwaron Shitu tana zubo baƙin hayaƙi kamar an kunna taya. Alhaji ya fito daga baya, ko gaisuwa bai tsaya an gama ba.

"Maƙeri, buɗe mata famfo. Mota ta zama jaka. Hawan da ke gaban gada sai da mai keke ya wuce mu, mai keke fa, da buhun dawa a bayansa!"

"Subhanallahi. Tun yaushe, Alhaji?"

"Tambayi wancan." Ya nuna Istifanus da sandarsa. "Shi ya san abin da yake zuba mata. Tanki guda da muke zuwa Kano mu dawo, yanzu a Zariya yake ƙarewa. Gas ɗina yake zuƙewa ya sayar, ya cika mini da kananzir. Yau ce ranarsa ta ƙarshe. Ya mai da ni gida ya ajiye mini makullina."

Istifanus na tsaye riƙe da ƙofar mota, kansa a ƙasa. Da Alhaji ya koma inuwa ya zauna kan benci, sai ya matso kusa da Shitu ya ce a hankali, "Malam Shitu, aikin ba shi ne damuwata ba, gona na nan. A ƙofar gidansa ya faɗa, gaban jama'a. Maganar ta kai ƙauyenmu. Ran Lahadi matata Rahab ta kasa zuwa coci. Ko ɗigo ban taɓa ɗauka ba, Allah na gani."

Shitu bai ce masa na yarda ba, bai ce ban yarda ba. Shi ba ya shaidar abin da bai gani ba. Ya buɗe murfin tanki, ya tsoma tsinke, ya murza a yatsa ya sansana. Gas ne tsantsa. Amma ya san wannan bai isa ba, Alhaji zai ce ai yau ne bai zuba ba.

Ya ce a tayar da mota. Ya ɗaga bonet ya sunkuya, ya ce, "Direba, taka totur. Ƙara. Saki." Sau uku suna haka. A na ukun, can ƙarƙashin rugugin inji, ya ji wani siririn sauti, fiii, yana zuwa in an taka, yana ɗaukewa in an saki. Shitu ya san sautin nan tun yana ɗan shekara shida.

Ya je ya durƙusa gaban benci. "Ranka ya daɗe, ba zan taɓa famfo ba tukuna."

"Don me? Kuɗinka ne ba zan biya ba?"

"Mota na cin mai da iska ne, kamar wutar maƙera. Ina zaton man na isa, iskar ce ba ta kaiwa. Shi ya sa take hayaƙi, man ba ya ƙonewa. Shi kuma direba dole ya danne totur, tanki ya ƙare. In na ƙara mata mai a haka, na kashe ta."

"Ashe da gaskiyar 'yan tasha," in ji Alhaji. "To duba, Sai-na-duba. Amma in an yi azahar ba ka ga komai ba, gaba zan yi. Akwai mai murɗa mini a minti biyar."

Shitu ya bi tiyon da ido, ya bi shi da hannu, bai ga komai ba. Roba lafiya lau ta sama. Ya gane in akwai rami, ba ya buɗewa sai iska ta matsa, kuma ba a sa hannu a can ciki inji na juyawa. Sai ya kashe motar. Ya ɗauko wani guntun icen ƙirya, ya zauna da gizago yana sassaƙa. Alhaji na kallo yana girgiza kai.

"Na kawo mota, an koma sassaƙa mini turmi."

"Saura kaɗan, Alhaji."

Ya sassaƙe icen ya zama marfi daidai bakin da turbo ke shaƙar iska. Ya huda tsakiyarsa da jan ƙarfe, ya yanko bawul daga tsohon tif na taya ya cusa, ya liƙe gefen da danƙo. Ya toshe bakin da shi, ya ɗaure da kilif tamau. Ya tsallaka titi ya aro famfon ƙafa wurin mai faci. Sannan ya leƙa gida, da yake gidan na bayan garejin, ya ce Barakatu ta kaɗa masa ruwan sabulu a kwano.

"Yau kuma wanka za ka yi wa motar?" ta ce.

"Ke dai ki sa ya yi kumfa."

Ya ce da Istifanus ya hau famfo. Istifanus ya dinga takawa, gumi na zuba. Inji a kashe, wuri ya yi tsit, ko'ina ana jin kukan kurciya a kan mangwaro. Shitu ya tsoma tsumma a kwano yana shafa wa duk mahaɗa. Ya shafa bakin turbo, shiru. Ya shafa kilif na farko, shiru. Na biyu ma shiru. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin tasha. Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga.

Shitu ya kwanta a ƙasa, ya zura hannu ta ƙarƙashi, ya shafa gwiwar tiyon, inda ya lanƙwasa ya fuskanci ƙasa. Sai ga kumfa na tasowa, ƙwai-ƙwai, yana fashewa wani na biyo shi.

Bai yi ihu ba. Ya fito ya ce, "Alhaji, don Allah ara mini hannunka. Nawa ya yi kanta, ba na jin abu sosai."

Alhaji ya yi tsaki, amma ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Shitu ya kama yatsunsa ya kai su wurin. "Direba, taka."

"Kai!" Alhaji ya janye hannu. "Iska ce ke hura ni!"

"Ita ce ƙarfin motarka, ranka ya daɗe. A nan take zubewa."

Suka tafi salla, Istifanus ya zauna gadin mota. Da suka dawo Shitu ya kwance tiyon ya juya shi a rana. Ramin bai fi ƙwayar wake ba, amma gefensa duk an gatsa, ƙananan sawu a jere, biyu-biyu. Ya sake zura hannu a lungun da ke bayan batir, ya damƙo wani abu ya buɗe tafinsa a gaban Alhaji: ƙwayoyin masara da aka ci rabi, da zaren buhu, da baƙin kashin ɓera.

"Alhaji, a ina motar nan ke kwana?"

"A sito mana. Ni da kaina nake kullewa, makullin na aljihuna. Ba na barin ta a waje yara su..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi masarar, ya dubi tiyon. Siton nan buhu ɗari uku ne a ciki tun kaka.

Istifanus ya ce a hankali, "Baba Alhaji, na taɓa cewa a yi mata rumfa."

"Na ji, na ji," in ji Alhaji, bai dube shi ba.

Shitu ya hau keke ya shiga gari, ya samo tiyon wata babbar mota da ya yi daidai, ya yanka ya ɗaura. Ya sake sa Istifanus ya taka famfo, ya sake bin ko'ina da ruwan sabulu, ya ga babu kumfa ko ɗaya, sannan ya cire marfin icen. Aka tayar da mota. Hayaƙin ya washe. Suka zagaya da ita suka dawo, Alhaji na riƙe da hularsa saboda gudu. Famfon mai dai Shitu bai taɓa shi ba, ya ce yadda yake ya isa.

Alhaji ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa wa Shitu hakkinsa, sannan ya ce da Istifanus a gajarce, "To shi ke nan, ci gaba da aikinka. Mu tafi."

Istifanus bai motsa ba. Shitu kuwa, da ba ya shiga abin da ba nasa ba, sai ya sake durƙusawa.

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. A nan mu uku ne kawai muka ga ramin. Waccan maganar kuwa a ƙofar gida aka yi ta."

Alhaji ya dube shi. Fuskarsa ta ɗaure, har Shitu ya zaci ya rasa shi ke nan har abada. Sai Alhaji ya ja dogon numfashi ya ce, "Astagfirullah. Ba ni tsohon tiyon nan."

Waɗanda suke wurin sun ba da labari. Da la'asar sakaliya, lokacin da ƙofar gidan Alhaji ta cika da masu awo da masu dako, ya fito da tiyon a hannu ya ɗaga shi sama. Ya ce, "Jama'a, na kama ɓarawon gas ɗina. Ga haƙoransa nan. A sitona yake, masarata yake ci. Istifanus, na zalunce ka a gabansu, a gabansu nake roƙonka ka yafe mini." Istifanus ya ɗaga kai alamar ya yafe. Ranar Lahadi Alhaji ya ce ya ɗauki motar ya kai iyalinsa coci. Rahab ce a gidan baya, da yara biyar, gilashi a sauke.

Istifanus ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana tuƙa Alhaji. Duk kaka kuma sai ya sauke wa Barakatu kwandon doya a ƙofar gida, bai fasa ba har shekarar da Shitu ya koma ga Mahaliccinsa. Da aka ɗauko gawar, Istifanus na tsaye a bakin maƙabarta, hularsa a hannu, har aka watse. Allah Ya haskaka kabarin Shitu, Ya sa mu cika da imani.