Awon rana a gonar Korgom

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Mayahi, ni da ɗiyar yayana da ta zo hutu daga karatu. Mota ta kai mu Tasawa, daga nan muka hau kabu-kabu zuwa Korgom. Mai babur ɗina ya yi ta kukan tsadar isansi, wato man fetur, yana kauce wa tabkunan damina, ni kuma ina rungume da ƙunshin kopto, dafaffen ganyen zogale, da aka ba mu tsaraba.

Ƙanwata za mu gano. Zabiya ce, uwar yara huɗu, wuyanta ya yi miki tun farkon noma.

Da muka tsaya shan fura na tambayi ɗiyar aikin da take koyo. Ta ce akwai na'urori a jikin tauraron ɗan adam da ke auna hasken rana wanda ido ba ya gani. Wani irinsa shi ne ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita, wanda muke kira radiyo. Na ce to mu da muke yini a gona, rana ta gama ganin haƙarƙarinmu ke nan. Ta ce a'a, iskar sama na tare wannan, shi ya sa sai an hau can ake auna shi. Akwai dai na biyu, shi yana sauko mana, shi ke ƙona fata. Na gyaɗa kai don kar mai furar ya raina ni.

Mun iske ƙanwata a gona wajen sha ɗaya, hadari ya rufe sama. Ta ce ai dabara take yi, sai ranar gajimare take yini a waje. Ni ma na yaba dabarar, don mu muka koya mata ita. Ɗiyar ta buɗe waya, ta duba awon ranar da aka fitar daga bayanan tauraron, ta ce:

"Gwaggo, wannan gajimaren bai tare hasken nan mai ƙuna duka ba. Yanzu haka yana cin ki."

Ƙanwata ta ɗaga kai ta dubi sama, babu rana. Ta dube ni, ni da aka sa lakwal na yi boko. Sai ta tambaya wa zai yi mata noman.

Aka kira mijinta ƙarƙashin gawo, aka daɗe ana magana. Ya ce bai gane ko ɗaya ba, amma mikin yana gani. Ya yarda ta riƙa fita da sassafe da bayan la'asar, da malfa da riga mai dogon hannu, kuma ranar kasuwa zai kai ta likita a Tasawa.

Da la'asar washegari muka iso gida. Har yau ban san yadda abin da ke sama ya san zafin da ke kan wuyan ƙanwata ba. Abin da na koya kaɗan ne: shekaru muna ce mata ta jira hadari, ashe mu ke tura ta. Jiya na kira, an ce tana ɗaki tana sussukar gero, tana faɗa ita ba amarya ba ce.