Jan Bokitin Kofur Yohanna

Bana shekara ashirin da uku ke nan da muka binne Kofur Yohanna a Dabai. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin abin da na fi tuna shi da shi ba irin wanda ake faɗa a gaban surukai ba ne. Wani ana tuna shi da gonar da ya bari, wani da masallaci ko majami'ar da ya gina. Ni da bokitin bayan gida nake tuna abokina. To, yanzu na tsufa, surukan nawa ma duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan faɗa kawai. Wanda yake cin abinci ya ajiye jaridar sai ya gama.

Sunana Garba, haƙar rijiya na gada a wurin mahaifina a cikin garin Zuru. Bayan yaƙin basasa, wajen lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira, sai labari ya bazu cewa akwai zinariya a duwatsun bayan Mahuta. Wani ɗan kasuwa ya tara mu, mu goma sha wani abu, ya ce mu haƙa masa. Ni an ɗauke ni ne don na iya saukar da rami a miƙe ba tare da ya rufta ba. Sai mu nutsa kamar gaba goma sha biyu, daga nan mu karkata gefe mu bi jijiyar dutsen da rarrafe. Wannan hanyar ta gefe ita muke kira loto. A ciki muke yini da fitila da diga, a ciki muke cin ɗumamen da muka sauka da shi.

Wanda bai taɓa shiga ba, shi ne zai yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi: idan ciki ya murɗa fa? Amsar ita ce babu mai fita. Kafin ka rarrafo zuwa gindin rami, ka hau ta 'yan matakalan da muka sassaƙa a bango, ka nemi daji, ka dawo, rabin ƙarfinka ya tafi, abokan aiki kuma suna ta harararka. Don haka kowa sai ya lallaɓa wani tsohon loto da aka bari ya sauke nauyinsa, ya watsa ƙasa a kai, ya dawo kamar ba shi ba. Da rani abin wari ne kawai, hanci kuwa yakan saba. Da damina ta faɗi ruwa ya fara tsattsafowa, sai ya bi ta tsohon loton ya gangaro inda muke durƙushe ba takalmi. Shekarar farko zawo ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Wani magidanci daga Manga aka ɗauke shi a kan jaki aka kai shi gida, bai dawo ba. Mu kuwa muka ce iskokan dutse ne suka yi fushi, har aka yanka musu baƙin zakara.

A shekara ta biyu aka kawo mana Kofur Yohanna ya zama shugaban aiki. Mutumin Dabai ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ya girme ni da kamar shekara goma. Da muka ji tsohon soja ne muka zaci za mu sha labarin harbi. Ashe shi a soja aikinsa haƙa masai ne da tsare ruwan sha, kuma ko kaɗan ba ya jin kunyar faɗa. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ranar farko da ya sauka cikin rami, bai yi minti goma ba ya fito yana tofar da yawu, ya ce, "Wannan ba iska ba ne ya kashe mutum. Kashi ne. Kashin ku."

Washegari ya tafi Zuru da ƙafa, shagon wani Inyamuri da ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe kasuwancinsa. Ya sayo bokitin ƙarfe mai murfi da ɗan gwangwanin jan fenti, ya shafe bokitin tas don kada wani ya rikita shi da gugan da muke fitar da ƙasa. Ya ware masa igiyarsa daban. Da ma muna da yadda muke magana da na sama: ka fizgi igiya sau ɗaya a ja ƙasa, sau biyu mutum zai fito. Kofur ya ƙara ta uku. Wanda ya matsu ya fizga sau uku, sai a saukar masa da jan bokiti da kwanon toka da buta. Ya gama, ya barbaɗa toka, ya rufe, a janye. A bakin rami kuma ya ajiye tulu da sabulun salo, ba mai sa hannu a abinci sai ya wanke. Tsohon loton nan ya sa muka toshe shi da duwatsu.

Duk wannan mun karɓa da dariya, muka sa masa suna Duba-gari. Ni ne ma na raɗa masa, ba zan ɓoye ba. Inda rigima take shi ne zubarwa. Kofur ya haƙa salga can gangare, nesa da rafin da mata ke wanke yashi, kuma kafin ka kai can dole ka ƙetare hanyar kasuwar Mahuta. Ya ce kullum bayan la'asar mutum ɗaya zai ɗauki bokitin ya zubar ya wanke, layi-layi, wanda ya ƙi kuwa ya nemi wani ramin. Shi ya fara. Muna kallo ya ɗauka yana yin fito da baki kamar mai zuwa ɗebo ruwa.

Layina ya faɗo ranar kasuwa. A lokacin ina neman auren Kulu, mahaifinta kuwa mai sayar da gishiri ne, kuma ta wannan hanyar yake komawa gida da jakinsa bayan la'asar. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda yake duba wuyan rigarka kafin ya amsa sallama. Na sani sarai in ya gan ni da jan bokiti maganar aure ta mutu, kuma sunan mai kwasar kashi zai bi ni har 'ya'yana. In na ƙi kuma aikin ya tafi, da shi nake tara kayan auren. Na yini a loto ina sarar dutse ba na ganin abin da nake sara.

Da muka fito na ja shi gefe na ce, "Kofur, ka yi mini rai. Kowane aiki ka sa ni zan yi, ban da wannan."

Ya ce, "Kai ba ka fizga uku ne?"

Na ce, "Ina fizga."

"To naka wane ne yake ɗauka?"

Daga ƙarshe na gaya masa zancen Kulu da mahaifinta, ina magana ina kallon ƙasa. Na jira ya ce in tattara kayana, don dokarsa ce kuma a gaban kowa ya kafa ta. Sai kawai ya ce, "Yarinya ɗin, shi yana da kirki?" Na ce ƙwarai. Ya sunkuya ya ɗauki bokitin ya nufi gangare. Ina tsaye na hango shi ya ƙetare hanya, mutanen kasuwa suna darewa suna toshe hanci, shi kuwa har da ɗaga wa mai gishiri hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai tsaya a ranar ba. Duk sanda layi ya zagayo kaina, kasuwa ko ba kasuwa, kafin in motsa ya riga ya ɗauka. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na bar shi. Wasu suka fara guna-guni, ya ce musu shi da Garba sun yi musanyar aiki, ni nake duba bangon rami a madadinsa. Bangon nan da ma ni nake duba shi. Ban taɓa jin ya yi wata ƙarya ba bayan wannan, kuma bai taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Daminar nan ba zan ce ba wanda ya yi ciwo ba, amma ba a ɗora kowa a kan jaki ba. Masu ramukan da ke kusa da mu suka fara zuwa leƙen bokitin, suna dariya suna tambayar inda ake sayar da irinsa. Na auri Kulu bayan kaka. Ina ta murna asirina a rufe, sai wata rana muna 'yar gardama ta dube ni ta ce, "Kai da kag gudu ma bokiti, mi za ka hwaɗa mini? Ai masu tuwon bakin rami sun ba mu labari tun ran nan. Baba ma ya sani, cewa yay yi sojan ga ya hi ka zuciya." Na yi kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba.

Bayan 'yan shekaru jijiyar ta ƙare, aka watse. Na koma rijiyoyina, shi ya koma gonarsa ta dawa a Dabai, amma ba mu rabu ba. Da Sallah yakan zo cin nama, da Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa, kajin kuma ni ake kira in yanka don mu ma mu ci. Rijiyar gidansa ni na haƙa, kuma sai da ya auna nisanta da masai da ƙafarsa har sau biyu kafin ya bar ni in sa diga.

Yanzu nakan zauna in tambayi kaina abin da zai ce da ya ga masu haƙa na yau. Na tabbata injin janye ruwa zai burge shi, da fitilar goshi, da wayar da na ƙasa ke kiran na sama da ita. Zai shafa su ɗaya bayan ɗaya yana jinjina kai. Daga nan zai tambaya ina ake zagayawa, kuma a wurare da yawa amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Wani jikana da ya taɓa aikin ya ce mini yanzu a leda ake yi a ƙulle a jefa lungu. Kofur ba zai yi dogon wa'azi ba, ban san shi da shi ba. Kasuwa zai tafi ya nemo bokiti mai murfi. Amma na ji daɗi da yaron ya ce akwai rukunin da ya yi aiki da su masu ajiye ruwa da sabulu a bakin rami, kuma in ɗayansu ya matsu sai ya ce zai fizga uku. Na tambaye shi ko sun san asalin maganar, ya ce a'a, haka suka tarar ana faɗa.

A ƙarshen rayuwarsa ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya ƙi magana. Ran wata Lahadi muka je duba shi ni da Kulu, muka tarar gidan cike, matan zumunta sun taso daga majami'a sun zagaye gadonsa suna waƙa. Na zauna a gefensa. Ina lura da shi yana ta zufa yana juya ido, 'yarsa tana ba shi ruwa yana kau da kai, tana gyara matashi yana ƙara damuwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsabtace bayan wasu, ga shi zai ɓata shimfiɗarsa a gaban matan unguwa, kuma ba shi da bakin faɗa. Sai na ji hannunsa mai lafiya ya kama hannun rigata. Ya fizga sau ɗaya, ya sake, ya sake.

Na miƙe na ce wa matan su yi haƙuri su ɗan ba mu wuri, Kofur yana da sirri da ni. Na rufe ƙofa, na jawo fo, wato kwanon bayan gida, daga ƙarƙashin gado, na tallafe shi. Da ya gama na gyara shi, na rufe fo ɗin, na buɗe ƙofa. Tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa, ga mata, ga dattawan majami'a, ga matata. Na ratsa ta tsakiyarsu da shi a hannu har masai, na zubar, na wanke da toka. Wallahi ban ji komai ba sai sauƙi a ƙirjina. Da na dawo ɗaki ya ƙura wa hannuwana ido, bai ɗauke ba sai da na nemo sabulu na wanke a gabansa. Sannan ya yi dariya da rabin fuskar da ta rage masa. Bayan kwana tara ya rasu.

Bai bar dukiya ba, lambar yabo ma ban san ya taɓa samu ba. Ya bar rijiya mai ruwa mai kyau, da maganar da samari ke faɗa ba su san mai ita ba, da tsofaffi irina da suka kai ga ganin jikoki saboda wani ya yarda ya ɗauki abin da muke ƙyama. In na tuna shi ba baƙin ciki nake yi ba, godiya nake yi da Allah bai ɗauke shi ba sai da ya ba ni dama. A hanyarmu ta komawa Zuru ranar nan, da muka kusa gida, sai Kulu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, yau dai layinka ya zaka."