Ƙwan da Inna Ta Koyo a Gidan Sitti Istir

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Inna makwancinta, Allah ya jiƙanta. Na so in rubuto muku waiwaye mai sanyi, irin wanda ake karantawa ana share ƙwalla, amma raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye ba. A kan ƙwai ne. Mai dariya ya yi abarsa.

Mahaifiyata, Hajiya Zainabu, a Omdurman ta tashi, cikin Hausawan Sudan. Kafin ta yi aure ta zo Hajji ta zauna a Madina, ta yi shekaru can Omdurman tana aikin girki a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi. Uwargidan, Sitti Istir, ita ta koya mata abincin babban idinsu, wanda suke share gida tas daga duk wani burodi mai yisti, su koma cin busasshiyar gurasa har idin ya wuce. Inna ba ta taɓa fasa salla a gidan ba, su ma ba su taɓa ce mata don me ba. Da ta kafa nata gidan a unguwar Ƙurban a nan Madina, sai ta ɗauko abu biyu daga wancan idin, ƙwai mai kwana a wuta da kwaɓin dabino, ta mai da su karin kumallonmu na ƙaramar Salla.

Ga yadda take yi, ga mai son gwadawa. Tun tsakiyar azumi take hana a zubar da ɓawon albasa, kuma wanda ya zubar zai ji a kunnensa. Ranar jajibiri ta shimfiɗa ɓawon a gindin tukunya, ta jera ɗanyen ƙwai a kai ba tare da ta fasa ba, ta zuba ruwa ya sha kansu, ta sa gishiri da ɗan garin gahawa, sannan ta tsiyaya mai a sama don kada ruwan ya ƙafe. Wutar can ƙasa-ƙasa, kada a bari ya tafasa, tun la'asar har a sauko daga Idi. In ka ɓare sai ka ga farin ya rine ya yi kalar shayi har ciki, gwaiduwar ta yi laushi, ɗanɗanon kamar na gasasshiyar gyaɗa. Dabinon kuwa a jiƙa, a cire ƙwallo, a dafa ya narke, a daka da gyaɗa da kirfa. Sitti Istir ta gaya mata suna cinsa ne don tuna lakar da kakanninsu suka kwaɓa a bautar Fir'auna. Inna takan ce ai labarin Annabi Musa ne, mu ma muna da shi a Alƙur'ani.

Duk baƙon da ya ci ya yaba, amsarta ɗaya ce, ko malami ne ko matar attajiri: "Girkin Yahudawa ne. Sitti Istir ta koya mini sa'ad da nake mata aiki."

To, yau ga abin da ake ciki. Amal, 'yar ƙanwata Maryam, haihuwar nan ce, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Larabci. Ta fara sayar da wannan ƙwai ta waya, ta raɗa masa suna wai tsohon girkin Hijaz. A tukunyar nan mai huci take dafawa, kafin ka idar da salla ya nuna, ta jefa ganyen shayi ɓawon ya yi ja, ciki fari fat. Na gani na kau da kai, na ce yarinta ce da neman na kai.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce, dangin yaron da zai auri Amal suka ce za su zo gaisuwa gidan Maryam a unguwar Aƙiƙ. Nan fa aka tuna da ni, wai in zo in dafa na gaskiya. Ina jera ƙwai a faranti Amal ta ja ni gefe.

"Ya Khala, Allah yikhalliki, don Allah kar ki kawo zancen nan naki. In sun tambaya ki ce na Madina ne, khalas."

Na ce, "Mene ne aibin zancen?"

"A ce kakata shaggala ce, kuma a gidan Yahudu? Ke ba kya kallon akhbar?"

Ina kallon labarai, 'yar nan. Ina gani, ina kuka, ina addu'a kamar kowa. Amma matar da ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno a Omdurman tana nuna wa yarinya Bahaushiya yadda ake rage wuta, me ya haɗa ta da abin da kike gani a talabijin? Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne ɗaya kalmar. Shaggala, wato 'yar aiki. E, 'yar aiki ce, kuma da wannan hannun ta ciyar da uwarki, har aka kai ga ke mai jin kunyarta. A ci girkinta, a sayar, a yi fafa da shi gaban surukai, sannan a share inda ta samo shi! Da Inna na raye, na san ba faɗa za ta yi ba. Kallon Amal za ta yi ta ce, "Wa ya koya miki cin amanar wanda ya koya miki abu?"

Uwar yaron ta ɓare ƙwai, ta ci, ta tambaya girkin ina ne. Maryam ta zuba mini ido. Ni kuwa na faɗa mata kamar yadda Inna take faɗa, ban rage ko kalma ba. Matar ta ce ma sha Allah, ta goge hannu, aka shiga wata hira. Amal ta tashi ta bar ɗakin. Auren yana nan ba a fasa ba, amma tun ranar Maryam ba ta ɗaga wayata, kuma na ji an ce wata aka ɗauko za ta yi girkin biki. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Ƙanwata ce, ni na goye ta.

Inna ba ta bar mana gida ba, haya ta yi har ta koma ga Allah. Girkinta ma ga shi kowa ya iya, har da masu rina shi da shayi. Abin da na ga ya rage nata na kanta shi ne, ta rayu a garin da kowa ke gyara asalinsa don ya samu wurin zama, ita kuwa ba ta taɓa gyara nata ba. Da na yi shiru ran nan, da na sayi zumuncin Maryam da abin da ba nawa ba ne.

Saboda haka ku dafa, na ba ku kyauta. Sharaɗina ɗaya ne. In aka tambaye ku, ku ce na Hajiya Zainabu ne, 'yar aikin Sitti Istir.