Baba Lado da Ƙarfen Hantsi

Shekara ashirin da biyu Baba Lado ya yi yana sayar da sukari, sabulu, ashana da magi a ɗan shagonsa na bakin tashar Runka. Mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai sun goga kafaɗa. Shi ke saro kaya daga Batsari a kan babur, shi ke aunawa, shi ne kuma ke noma gonar geron da ke ciyar da gidansa.

Abin da ya sa yake iya haɗa gona da shago wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye a jikin bishiyar bedin tasha. Dokar 'yan tireda ce tun da daɗewa: da damina ba mai buɗe shago sai an buga ƙarfen nan da hantsi. Kafin nan kowa yana gona. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, sai dokar ta zama kariya, domin ba a zuwa gonakin yamma mutum ɗaya. Su takwas masu ƙananan shaguna suke fita bayan asuba, su dawo tare, ɗayansu ya buga ƙarfe.

Bara Alhaji Sharhabilu ya buɗe babban kanti mai firiji da ma'aikata uku. A taron ƙungiyar 'yan tireda ya miƙe ya ce, "Zamanin jiran ƙarfe ya wuce. A ba kowa 'yanci ya buɗe lokacin da ya ga dama."

Baba Lado ya ce, "Alhaji, kai da me kake noma?"

"Da 'yan ƙwadago."

"To ni da waɗannan," ya ɗaga hannuwansa. "Su ne kuma ke auna sukari. Wanne zan bari a shago, na dama ko na hagu?"

"Ka bar bakin, Lado, ya fi su aiki."

Aka yi dariya, sannan aka soke dokar. Yawancin waɗanda suka goyi baya rabonsu da riƙe fartanya an yi shekaru.

Kanti ya fara buɗewa da sassafe. Masu shayi da masu koko, waɗanda a da suke saye tun yamma ko su jira ƙarfe, suka koma can, ba su kuma dawo ba. Masu ƙananan shaguna suka ga ciniki na tsere masu, sai suka fara fashin gona. Takwas suka koma biyar, biyar suka koma biyu. Ranar da na biyun ya ce shi ma ya haƙura, gero yana jiran maimai, wato noma na biyu.

Baba Lado ya yi niyyar tafiya shi kaɗai. Ya nemi fartanyarsa ya rasa. Matarsa Turai ce ta ɓoye ta.

Ta ce, "Malam, gero ana samunsa a kasuwa. Kai fa, a wace kasuwa zan samo ka?"

Bai tafi ba. Ciyawa ta cinye gonar. Inda yake ɗaure dami arba'in, bara shida ya samu. Yanzu yana buɗe shago tun kafin rana ta fito, amma masu sayen ba su dawo ba, sun saba da kanti. Geron da ake tuwo da shi a gidansa tiya-tiya yake saye, wani lokacin daga buhunan Alhajin.

Ba wanda ya yi masa ƙwace, ba wanda ya karya doka, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, ni da na taso ina sayayya a shagonsa. An dai yi tseren da mai ma'aikata uku kaɗai zai iya, aka ce kowa ya shiga.

Ƙarfen yana nan a jikin bedi ya yi tsatsa. Na sami Baba Lado da hantsi yana zaune bakin shago yana kallonsa, na tambaye shi ko bana zai yi shuka.

Ya ce, "Da wa zan tafi, ɗana? 'Yancin nan da aka ba ni shi ya raba ni da gonata."