Katangar Datti da Masu Kwamfuta

Cikakken sunansa Datti Mustapha Rafin Guza. Na fara saninsa a shekarar 2009, a ajin yaƙi da jahilci na Unguwar Dosa, mu biyun da furfurarmu muna koyon riƙe alƙalami. Ni na zarce har na iya tsara magana a takarda. Shi kuwa da ya ƙware a lambobi sai ya ce sun ishe shi, ya koma lambunsa na bakin kogi.

A ƙarshen lambun akwai tsohuwar katanga mai jerin bulo goma sha biyu. Kowace safiyar damina Datti yakan tsaya a kanta, ya ƙirga jerin da ruwa bai rufe ba, daga sama zuwa ƙasa, ya rubuta a littafi. In goma ne, lafiya lau. In uku ne, a fara ɗaure kaya. Da wannan lissafi yake gargaɗin maƙwabta tun kafin kogi ya shigo musu gida.

A 2023 wasu matasa na wani kamfani suka sauka da kwamfutoci da takalma masu ƙyalli. Suka ce za su gina manhajar da za ta hango ambaliya, ta aika wa jama'a saƙo a waya. Suka ɗauki hoton littattafansa shafi-shafi, suka roƙe shi ya riƙa tura musu lambar kowace rana. Ya buɗe baki zai bayyana yadda yake ƙirge, babbansu ya katse shi.

"Baba, kar ka wahalar da kanka. Na'ura ta fi mu fahimtar lamba."

Masu digirin nan ba su taka ko zuwa gindin katangar ba, don akwai laka. Suka koya wa na'urarsu cewa babbar lamba ruwa ne mai yawa, ƙarama kuwa kogi ya janye.

A watan Satumba na 2024 Datti ya ƙirga, jeri biyu kacal suka rage. Ya tura lambar. Kafin ya karya kumallo saƙo ya shiga wayoyin unguwa: babu haɗari. Ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida.

"Baba Datti, ai waya ta ce mu kwantar da hankali," in ji Rakiya mai ƙosai.

"Rakiya, wayar taki ta iya ninƙaya? Kwashe 'ya'yanki ki hau tudu."

"Kai da kanka fa ka ba su lambar!"

"Na ba su lamba. Hankali ne ban samu damar ba su ba."

Ta yi tsaki, amma ta ɗaure kaya. Kafin la'asar gidajen gangare sun zama wayam.

Washegari da hantsi ruwa ya shanye katangar, ya shiga ɗakuna har ƙugu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga kan tudu Datti ya tura musu sifili, don shi mutum ne mai cika alkawari. Saƙo ya dawo wa jama'a, suna tsaye suna kallon rufin gidajensu: kogi ya yi ƙasa ƙwarai, a yi tattalin ruwa.

Da matasan suka dawo ba da haƙuri, sai ya sa suka tuɓe takalma, ya kai su gindin katangar, suka ƙirga da yatsa.

Ganina na ƙarshe da shi ranar Litinin ne, 14 ga Oktoba, 2024. Allah ya ji ƙansa.