Yadda Aka Yi Gwanjon Sunana a Cikin Waya

Ni ban yi lakwal ba, ban san karatun boko ba, amma na san cuku. Tun ina goyon ɗiyata ta fari nake zaune a bakin tasha a Tawa, gindin wata aduwa, da faifai uku a gabana. Yau wannan ɗiyar ita ke koyar da yara, har furfura ta soma fito mata. Cukuna daga arewa yake zuwa, wajen Takanamat, daga hannun wasu matan Buzaye da na fara hulɗa da uwayensu. Nonon saniya ne zalla, a shanya shi bisa tabarmar kara har ya bushe, in ka ɗaga shi ga rana ka ga sawun karan a jikinsa.

Matafiya ba su san sunan da ubana ya raɗa mini ba. Tsohuwar gindin aduwa suke ce mini, tun ma ban tsufa ba. Mai zuwa Yamai ya tsaya, mai tafiya ci-rani Abijan ya tsaya, su saya ba su ko shinshina ba, don sun san hannun da ya miƙa musu. Ba ni da gona, ba ni da garke. Wannan sunan shi ne abin da na tara.

Ana nan, ana nan, wata rana da hantsi sai ga wani alhaji ɗan Kalfu, mai fataucin albasa, wanda ya daɗe yana saye a wurina. Bai yi sallama ba. Ya jefo mini wata leda bisa faifai.

Ya ce, "Baiwar Allah, mi na yi maki?"

Na ce, "Alhaji, ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta ƙare. Wanga abu na kai gidan surukaina a Abijan. Na cika baki, na ce cukun garinmu ne, na tsohuwar da ba ta ha'inci. Aka daka shi cikin fura, ya koma kamar alli. Ba wanda ya ce mini komai. Da sun zage ni ma da ya fi."

Na ɗauki guda na karya, na kai hanci. Madarar gari ce da garin rogo. Na ce masa wannan abin bai taɓa ganin saniya ba, kuma bai taɓa hawa faifaina ba. Ya rantse nawa ne. Wai yana can, ɗansa ya rubuta sunana a waya, shagona ya fito farko har da hoton aduwa, suka aika kuɗi, aka ɗoro kaya a mota. Ni da wayata ƙarama ce mai tocila! Mutanen tasha sun taru suna kallo, ya juya ya tafi, ya bar ni da ledar.

Da la'asar ɗiyata ta taso daga lakwal, na ce ta rubuta abin da yaron alhaji ya rubuta. Ta rubuta a wayarta, sannan ta karanta mini: cukun tsohuwar gindin aduwa, na asali, ana aikawa ko'ina. Ga hoton icen da na tsufa a ƙarƙashinsa, ga lambar wani. Ta nuna mini wata kalma ƙarama kamar ƙwayar gero a gefe, ta ce wannan ita ke cewa talla ce, amma ba mai lura da ita.

Ta ce, "Inna, duk mai neman abu yanzu a nan yake rubutawa, sai a jero masa masu sayarwa. Wurin sama kuwa gwanjonsa ake yi. Ka zaɓi kalmomin da kake so, wanda ya fi biya shi ke hawa. Duk sa'ad da wani ya taɓa, a cire masa kuɗi."

Na ce, "Su wa ke karɓa?"

Ta ce suna nesa, bayan teku. Na ce ta kira lambar. Muryar da ta amsa na san ta tun tana kukan nono. Ɗan maƙwabciyata ne, marigayiya mai fura, wadda muka yi shekaru muna zama kafaɗa da kafaɗa. Nakan goya shi in uwarsa na dama fura. Yanzu ya zama magidanci, da butik ɗinsa, shagon kaya, a ƙetaren hanya.

To ni abin da na fahimta, maganar wuri ce. Wani ya zauna a wurina. A tasha kuwa in aka zauna maka a wuri, ba ka faɗa, wajen sarkin tasha kake zuwa. Da safe na yafa mayafi na tafi. Yana zaune bisa benci da 'yan kamasho kewaye da shi. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Tsohuwa, wane layi ne wurin yake, in aika a tashe shi?"

Na ce a cikin waya yake. 'Yan kamasho suka fashe da dariya, wani ya ce a aika ɗan sanda ya shiga ta wurin caji. Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Sarkin tasha dai ya aika aka kira mai butik.

Ya zo da farar shadda, ya durƙusa har ƙasa. "Inna, ina kwana?"

"Kada ka ce mini inna. Wa ya ba ka sunana?"

"Ba wanda ya ba ni, Inna, saye na yi. Akwai inda ake duba kalmomin da mutane suka fi nema. Na duba na cuku, naki ne a gaba, ya wuce na kowa. Wallahi alfahari ya kamata ki yi."

"Alfahari? Ka ɗora garin rogo a kaina, ka aika da ni gidan surukan mutane, ka ce in yi alfahari?"

"To ki ba ni hotonki in sa, ki riƙa samun rabonki. Ke kina zaune kina korar ƙuda, mutane na can suna nemanki ba su same ki ba. Ni na tare su, shi ke nan."

Na ce masa uwarsa ta yi shekara da shekaru tana sayar da fura ba ta taɓa ƙara ruwa a nono ba, da tana raye da ludayi za ta bi shi har butik. Ya yi murmushi, ya ce zamani ne.

Sarkin tasha ya daɗe yana shafa gemu. Daga baya ya ce, "Ikona ƙasa ne. Da bisa ƙasa ya zauna maki, yau ɗin nan zan watsa kayansa. Wannan kuwa ban san inda ƙofarsa take ba." Ya juya ga mai butik ya ce ya dubi Allah ya bari. Shi kuwa ya ce zai bari don girman sarki, amma mu sani, in ya sauka wani zai hau.

Kuma haka aka yi, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Bayan kwana kaɗan ɗiyata ta duba, sai ga wata lamba da ba mu sani ba, ta wani gari, da sunana. Da mai butik ya ga haka ya koma. Suka zama biyu, suka zama uku, suna ƙara wa juna farashi a kaina kamar akuya ranar kasuwa, ba dillali, ba shaida, ba wanda ya tambayi mai akuya. Wata mata ta zo daga Tebaram ta ce cukuna ya ɓata wa ɗanta ciki. Wani direba ya wuce ya tofar da yawu.

Ɗiyata ta ce mu ma mu shiga gwanjon, ita za ta biya daga albashinta, mu hau samansu. Na ce in sayi sunana? Daga hannun wa? Su suka zauna cikin rana? Su suka mayar da cuku Takanamat in ya zo da tsami? Kuma in na saya yau, gobe wani ya ƙara, in sake saye, har in mutu ina hayar kaina? Na ce ko dala ba za ta fita ba.

Na kwana uku ina juya abin. Ranar kasuwa na kira mai shela, wanda ke yawo bisa babur da lasifika, na faɗa masa abin da zai ce: tsohuwar gindin aduwa ta tashi, babu ita, duk cukun da aka sayar da wannan sunan ba nata ba ne, ba ta ɗauki alhakinsa ba duniya da lahira.

Ya ce, "Tsohuwa, mutane cewa za su yi mutuwa kika yi."

Na ce ya je ya faɗa. Ya tambaye ni har sau uku, sannan ya tada babur. Ina jin muryarsa tana kewaya tasha na naɗe tabarmata, na ɗauki faifaina, na koma can jikin katanga inda ba inuwa sai bayan azahar. Da marece mata biyu suka zo gidana ta'aziyya, suka tarar da ni ina alwala.

Ciniki ya ragu, ba zan ɓoye ba. Tsofaffin masu saye da suka san fuskata sun biyo ni, alhajin Kalfu bai dawo ba. Su kuwa can cikin waya har yau suna gwanjonsu, ɗiyata ta ce farashin ma ya hau.

Jiya wani baƙo ya sauko daga mota da waya a hannu, ya tsaya a kaina, ya ce, "Inna, don Allah ina tsohuwar gindin aduwa take zama?"

Na ce, "Ban san ta ba. In cuku kake so, karya wannan ka shinshina."